Fashin baƙi: Slava Fetisov da rigimar wa ke da iko da ɗan wasa a Rasha

Tun da aka tabbatar babu tawagar Rasha a gasar hokin ƙanƙara ta Olamfik ɗin hunturu ta Milan da Cortina a Italiya, ta watan Fabrairun 2026, masu bibiyar labarin wasanni ke ta maimaita tambaya guda. An ce an hana Rasha wasa. To yaya aka yi Alexander Ovechkin, haifaffen Mosko, ya saka rigar ƙungiyar Washington ya ci ƙwallonsa ta 895 ranar 6 ga Afrilu, 2025, ya shafe tarihin yawan cin ƙwallo a gasar NHL da Wayne Gretzky ya kafa, duniya tana tafa masa?

Amsar ba ta da wuya. Hukumar hokin ƙanƙara ta duniya, IIHF, ita ce ta dakatar da Rasha a 2022 bayan ta afka wa Yukren, kuma ikonta a kan tawagogin ƙasashe yake. Gasar NHL ta Amurka da Kanada kuwa ta 'yan kasuwa ce, ba ta ƙarƙashin wannan hukuma, don haka tana ɗaukar wanda ta ga dama. Amma a ƙarƙashin wannan tambaya akwai wata da ta fi ta nauyi. Shekara 40 da suka wuce ɗan wasan Rasha ba shi da ikon sa hannu a kwantiragi da kowa a waje. Wa ya buɗe hanyar? Sunan da za ka fi ji shi ne Viacheslav Fetisov, wanda ake kira Slava, mai tsaron baya. Mutane da yawa sun ɗauka guduwa ya yi daga Tarayyar Sobiyat. Bai gudu ba, kuma wannan bambanci shi ne gishirin labarin, domin mutumin da ya yi faɗan a bar 'yan wasa su fita shi ne daga baya ya nemi a tsare su a gida har sai sun kai shekara 28.

Wane irin wasa ne, kuma mene ne aikin mai tsaron baya?

Ana yin wasan ne a kan daskararren ruwa, a fili mai katanga kewaye da shi. 'Yan wasa suna sa takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa wanda suke sulu da shi, suna riƙe da sanda mai lanƙwasasshen baki. Abin da ake bugawa wani ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri, nauyinsa bai wuce giram 170 ba, amma idan ƙato ya ɗirka masa sanda yakan yi gudun da ya haura kilomita 150 a awa. Kowane ɓangare mutum shida ne a fili: mai tsaron raga, masu tsaron baya biyu, 'yan gaba uku. Zagaye uku ake yi, kowane minti 20. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya wuce kamar minti ɗaya a fili sai a canja shi, wasa yana ci gaba ba a tsaya ba.

Mai tsaron baya yana da aikin da ya fi na takwaransa a ƙwallon ƙafa wahala ta fuska guda: yawancin tsaron da yake yi, da baya-baya yake sulu, fuskarsa na kallon wanda ke tahowa da gudu. Dokar wasa ta yarda ya bangaje mai riƙe da faifan, ya matse shi a jikin katanga. Yakan kwanta ya tare faifan da jikinsa. Idan ya ƙwace, shi ne mai ba da fasin na farko da ke tayar da hari. A nan gwanintar Fetisov take. Mutum ne mai jiki, amma abin da ya bambanta shi shi ne ido. Kafin faifan ya iso sandarsa ya riga ya san inda zai tura shi, kuma ba ya jin tsoron barin baya ya bi 'yan gaba har bakin raga.

Ƙungiyar da 'yan wasanta sojoji ne

An haifi Fetisov a Mosko ranar 20 ga Afrilu, 1958. Tun yana yaro ya shiga makarantar wasa ta CSKA, wato ƙungiyar wasanni ta rundunar soja. Wannan suna yana da muhimmanci. A tsarin Sobiyat babu ƙwararren ɗan wasa a takarda. Ɗan wasan CSKA soja ne, yana da muƙami da albashin soja, kuma Fetisov ya kai Manjo. Tunda aikin soja wajibi ne a kan kowane saurayi, duk yaron da ya yi fice a wani gari sai CSKA ta kira shi da sunan bautar ƙasa, ƙungiyarsa ba ta da bakin magana. Da haka ta ci kofin ƙasar sau 13 a jere, daga 1977 zuwa 1989.

Anatoli Tarasov ne ya kafa salon wasan Sobiyat, na yawan fasin da riƙe faifai. A 1977 aka miƙa ƙungiyar da tawagar ƙasa ga Viktor Tikhonov, wanda ya mayar da rayuwar 'yan wasa ta bariki. Wata 11 a shekara suna tsare a sansanin Arkhangelskoye da ke wajen Mosko, atisaye sau da yawa a rana, magidanci ba ya ganin matarsa da 'ya'yansa sai an ba shi izini. Wanda ya yi gardama a kore shi daga tawaga, kuma korar tana nufin rasa gida, mota da tafiya waje, domin duk ta hannun koci suke fitowa.

Dole a faɗi gaskiya, tsarin ya kawo nasara. Sobiyat ba ta gauraya 'yan wasa yadda Kanada ke yi, mutum biyar take haɗawa su shekara da shekaru tare. Biyar ɗin da suka fi shahara su ne Vladimir Krutov, Igor Larionov da Sergei Makarov a gaba, sai Fetisov da Alexei Kasatonov a baya, ana yi musu laƙabi da koriyar rigar da suke sawa a atisaye. Fetisov yana cikin tawagar da ɗaliban jami'o'in Amurka suka doke da ci 4 da 3 a Lake Placid ranar 22 ga Fabrairu, 1980, kayen da ya bar su da azurfa. Shekara guda bayan nan suka lallasa Kanada 8 da 1 a Montreal suka ɗauki Kofin Kanada. Ya ci zinaren Olamfik a Sarajevo a 1984 da Calgary a 1988, ya ci gasar duniya sau bakwai, ya daɗe yana kyaftin. A tsakiyar wannan ɗaukaka ne, a 1985, ya yi hatsarin mota yana tuƙi, ƙanensa Anatoly, wanda shi ma ɗan wasa ne mai tasowa, ya rasu.

Me ya faru a 1989?

Sai an fahimci yadda NHL ke ɗaukar 'yan wasa kafin a gane rigimar. Kowace shekara ƙungiyoyi suna zama su zaɓi sunaye bi da bi. Wanda ƙungiya ta zaɓa, ita kaɗai ke da haƙƙin ba shi kwantiragi a gasar, ko ya san an zaɓe shi ko bai sani ba. Montreal ta zaɓi Fetisov a 1978, ba wanda ya sa ran zai zo. Bayan haƙƙin Montreal ya faɗi, New Jersey ta sake zaɓarsa a 1983.

Da Mikhail Gorbachev ya fara sassauta al'amura, kuma gwamnati ta shiga ƙishirwar kuɗin waje, sai hukumomi suka yarda a riƙa sakin tsofaffin 'yan wasa, amma da sharaɗi: wata hukumar gwamnati mai suna Sovintersport ce za ta ƙulla cinikin, ita za ta karɓi kaso mafi tsoka na albashin, a miƙa wa ɗan wasa ragowa. A yadda Fetisov ya ba da labari, an yi masa alkawarin za a sake shi bayan zinaren Calgary. Shugaban New Jersey, Lou Lamoriello, ya zo har Mosko. Alkawari ya zama gobe, gobe ta zama jibi, Tikhonov yana cewa ya amince a gaban jama'a, takardar sallama daga soja kuma ta ƙi fitowa.

A Oktoban 1988 Larionov ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a mujallar Ogonyok yana tona yadda ake tafiyar da su. A Janairun 1989 Fetisov ya fito a jarida ya ce ba zai ƙara buga wa Tikhonov ba. Nan take aka juya masa baya. Kyaftin ɗin ƙasa ya rasa filin da zai yi atisaye, sai ƙungiyar ma'aikatan wata masana'antar fensir ce ta karɓe shi yana motsa jiki da su. Ya ce an kai shi gaban ministan tsaro Dmitry Yazov, wanda ya zazzage shi, ya yi masa barazanar tura shi Siberiya. Abin da ya cece shi shi ne abokan wasansa. Larionov, Makarov da Krutov sun fito a talabijin suka ce idan babu Fetisov ba za su je gasar duniya ta Suwidin ba. Kasatonov, abokin tsayuwarsa a baya na shekaru, bai bi su ba, kuma wannan ya raba su. Hukuma ta sauko, aka mayar da shi, 'yan wasa suka sake zaɓarsa kyaftin, suka ciyo zinare.

A ƙarshen wannan gasar ce, a Mayun 1989, Alexander Mogilny, saurayi ɗan shekara 20, ya sulale daga masaukin tawaga a Stockholm ya bi jami'an ƙungiyar Buffalo zuwa Amurka. Wannan shi ne guduwa, kuma tunda soja ne, an tuhume shi da tserewa daga aiki. Sergei Fedorov ma haka ya yi a 1990 lokacin da tawaga ta je wasa Amurka. Fetisov ya sha samun irin wannan dama, yana yawan zuwa Kanada da Amurka wasa, ya ƙi. Abin da yake nema shi ne ya fita ta ƙofa da fasfonsa, ya sa hannu da kansa, albashinsa ya shiga aljihunsa, kuma ya iya dawowa ya gaida iyayensa. Ba shi ne ɗan Sobiyat na farko da aka bari ya fita ba, don an riga an bar Sergei Pryakhin ya tafi Calgary a Maris na shekarar ta hannun hukuma. Abin da Fetisov ya karya shi ne hujjar cewa gumin ɗan wasa mallakar gwamnati ne. A ganina wannan ya fi duk zinaren da ya rataya, domin ya yi shi ne lokacin da ba wanda ya san Tarayyar Sobiyat za ta rushe nan da shekara biyu, kuma abin da zai iya rasawa ba kaɗan ba ne.

Abin da ya tarar a can

A ƙarshe aka sallame shi, ya isa New Jersey a 1989 yana da shekara 31, tare da Sergei Starikov. Ba a tarbe shi da ganga ba. Filin NHL ya fi na Turai matsatsi da kusan mita huɗu a faɗi, don haka babu sararin yin zane-zanen fasin da ya saba. Salon can shi ne a wurga faifan cikin kusurwa a bi shi da ƙarfi. Yakan ba da fasin zuwa inda ya san ɗan CSKA zai kasance, ya tarar ba kowa. Wasu 'yan wasa suna ganin Rashawa sun zo cinye musu abinci, ga ragowar gabar yaƙin cacar baka, ga rashin harshe. Kafin shekara ta ƙare kuma New Jersey ta kawo Kasatonov. Suka riƙa tsayawa tare a baya, suna fahimtar juna a kan ƙanƙara, a waje ba mai yi wa wani magana.

Sauran ma kowa da rabonsa. Makarov, da ke buga wa Calgary, ya ci kyautar gwarzon sabon shiga ta NHL yana da shekara 31, har aka canja doka aka sa iyakar shekaru. Krutov kaka ɗaya ya yi a Vancouver ya tattara ya bar gasar. Wannan ya nuna abin da masu yabon fita waje ba sa son faɗa: 'yanci ba ya ba da tabbacin nasara.

Detroit

A Afrilun 1995 aka yi musayarsa zuwa Detroit, yana dab da shekara 37, mutane suna cewa ya ƙare. Kocin Detroit, Scotty Bowman, ya daɗe yana nazarin wasan Sobiyat, ya kuma gane cewa kuskuren sauran ƙungiyoyi shi ne watsa Rashawa ɗai-ɗai. Da ya samo Larionov, sai ranar 27 ga Oktoba, 1995, a Calgary, ya fitar da biyar tare: Larionov, Fedorov da Vyacheslav Kozlov a gaba, Fetisov da Vladimir Konstantinov a baya. Wanda ya kalli hotunan wasanninsu zai ga abin da ya ruɗa abokan hamayya. Idan hanya ta toshe ba sa wurgar da faifan, sai su juyo da shi baya, su zagaya, mai tsaron baya ya zama ɗan gaba, ɗan gaba ya koma baya, har sai wani ya bar gurbinsa. A kakar nan Detroit ta ci wasa 62, abin da ba a taɓa yi ba a lokacin.

A 1997 suka share Philadelphia wasa huɗu a jere suka ɗauki Kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, na farko ga birnin tun 1955. Kwana shida bayan nan, ranar 13 ga Yuni, motar hayar da ta ɗauko Fetisov, Konstantinov da mai yi wa 'yan wasa tausa, Sergei Mnatsakanov, ta ƙwace ta daki bishiya. Fetisov ya ji rauni ya warke. Konstantinov, yana da shekara 30, yana kan ganiyarsa, ya samu mummunan rauni a ƙwaƙwalwa, bai ƙara wasa ba. A watan Agusta Fetisov da Larionov da Kozlov suka kai kofin Mosko, har Jan Dandali. Shekara ta zagayo suka sake cinye shi a kan Washington, kyaftin Steve Yzerman ya ɗora kofin a cinyar Konstantinov yana kan keken guragu, 'yan wasa suka tura shi suna zagaya fili. Fetisov ya ajiye sanda a 1998 yana da shekara 40, bayan wasa 546 a NHL. Ya ƙara ɗaga kofin a 2000 a matsayin mataimakin koci a New Jersey, aka sa shi a zauren gwarazan wasan a 2001.

Daga ƙanƙara zuwa majalisa

A 2002 ya jagoranci tawagar Rasha ta ci tagulla a Salt Lake City, kuma a shekarar Vladimir Putin ya kira shi gida ya ba shi shugabancin hukumar wasanni ta ƙasa, ya riƙe har 2008. Daga nan ya zama sanata mai wakiltar yankin Primorsky, ya kuma shugabanci kwamitin daraktocin sabuwar gasar KHL da aka kafa a 2008 don ta yi gogayya da NHL. A Disambar 2009, yana da shekara 51, ya sake sa rigar CSKA ya buga wasa ɗaya. A 2016 ya zama ɗan majalisar Duma, wato majalisar wakilan Rasha, a jam'iyya mai mulki, kuma yana cikin 'yan majalisar da Amurka ta sa wa takunkumi a 2022.

Maganar shekara 28: me kowane ɓangare ke cewa?

A 2015 Fetisov ya ba da shawarar a yi dokar da za ta hana 'yan wasan Rasha tafiya NHL kafin su cika shekara 28. Ba ta zama doka ba, amma ta tayar da ƙura, kuma hujjojinsa ba na banza ba ne. Hoki wasa ne mai cin kuɗi: filin ƙanƙara na rufe, kayan kariya da yaro ke girme wa kowace shekara, koci, tafiye-tafiye. Ƙungiya takan ɗauki yaro tun yana ɗan shekara shida ko bakwai, ta raine shi sama da shekara goma, ranar da kwantiraginsa ya ƙare ya hau jirgi, ba ta ga ko kwabo ba, domin babu yarjejeniyar biyan diyya tsakanin Rasha da NHL irin wadda Suwidin da Finlan suke da ita. Wanda ya san yadda ake kwashe yaranmu masu ƙwallo zuwa Turai tun ƙafarsu ba ta yi ƙwari ba zai gane wannan kuka. Akwai kuma yaran da ke tafiya gasar matasa ta Kanada suna 'yan shekara 17, a canja musu salo, su dawo ba su zama na can ba, ba su zama na gida ba. Mai kallo a Omsk ko Magnitogorsk shi ma yana da haƙƙi, ya sayi tikiti ya ga gwanin garinsu da idonsa, ba sai ya farka da asuba ya kunna talabijin ba.

Duk da haka ban yarda da shi ba. Rayuwar ɗan wasa gajera ce, kuma shekarun da suka fi tsada a cikinta su ne tsakanin 20 da 28. Wanda aka tsare har 28 an sake shi ne bayan an tatse. Fetisov ya fi kowa sanin haka, don shi Amurka ba ta ga wasansa na gaske ba, ragowa ta gani. Kuma Konstantinov yana nan a raye, shaida ne cewa dare ɗaya ya isa ya rufe littafin ɗan wasa. Idan matsalar ita ce ƙungiya ba ta samun diyya, maganinta a zauna da NHL a yi ciniki. Idan yara ne ke tafiya da wuri, a gyara gasar gida ta riƙe su da albashi da kulawa. Dokar hana fita kuwa makamin Yazov ne, ko da hannun da ya riƙe shi yanzu na mutumin kirki ne mai kishin wasan.

Wa abin ke shafa a yau?

Tsohuwar rigimar ba ta mutu ba. A 2006 Evgeni Malkin ya ɓace daga tawagar ƙungiyar Metallurg ta Rasha a filin jirgin Helsinki ya bayyana a Amurka, bayan ya ce an matsa masa ya sa hannu a kwantiragin da ba ya so. A Maris na 2022 NHL ta yanke hulɗa da KHL, aka rasa ko teburin da za a zauna a warware saɓani. Manyan taurari irin su Ovechkin ba abin da ya taɓa albashinsu, abin da suka rasa shi ne rigar ƙasa, kuma wasunsu shekaru sun ja, wata Olamfik ɗin ba lallai ta same su ba. Nauyin ya fi sauka a kan matasa da iyayensu: ba gasar duniya ta matasa da za a gan su, masu farautar 'yan wasa daga waje sun rage zuwa, ƙungiyoyin NHL suna ɗari-ɗari wajen zaɓar yaron da ba su da tabbacin zai iya fitowa.

Wannan ɗari-ɗari yana da dalili. 'Yan wasan CSKA ba sojoji ba ne yanzu, kamfanin mai na Rosneft ke riƙe da ƙungiyar, amma bautar soja ta shekara guda tana nan a kan samari. Ivan Fedotov, mai tsaron ragar CSKA, ya sa hannu da Philadelphia a Mayun 2022. A farkon Yuli jami'ai suka tare shi a bakin filin atisaye a St. Petersburg bisa zargin kauce wa aikin soja, aka tura shi sansanin sojan ruwa a can arewacin ƙasar. Da ya gama, CSKA ta ba shi sabon kwantiragi, IIHF ta ce na Philadelphia ne halastacce ta hukunta ƙungiyar, ita kuma ta ci gaba da sa shi a raga. Sai a Maris na 2024 ta sake shi ya tafi, yana da shekara 27.